Tsamiyar Shamuwa

A bayan gidanmu na Kamarawa akwai wata tsohuwar tsamiya da shamuwa ke sauka a kanta duk ƙarshen bazara. Mahaifina ba ya taɓa fitar da iri sai ya ga sun fara jan ƙirare suna gyara sheƙa. Ko hadari ya haɗu har ya yi baƙi, in ba su zo ba, cewa yake ruwan yaudara ne. A garinmu ba a jifan shamuwa, ba a taɓa ƙwanta, ba a sa gatari ga icen da ta zaɓa. Kashinsu ya sha ɓata mana shanya, Inna ta yi ta mita, Baba ya ce baƙin damina ne, a yi haƙuri da su.

Shekarar da na dawo gida jinyar ƙafar Baba, daji ya riga ya fi ƙarfinmu. Masu bindiga sun zauna cikinsa. Gonakin nesa duk an bar su, amma tuwo ba ya dahuwa da tsoro, dole mata su fita neman itace. Na kusa ya ƙare tun tuni, har kututture an tone. Kullum sai an ƙara nisa. Ni Inna ta hana ni zuwa, wai masu jini a jika aka fi ɗauka. Ita ke tafiya da igiya da ɗan gatarinta, ni in zauna ina kallon ƙofa.

Rannan ta sauke ɗan abin da ta samo, ƙayoyi ne kawai da karan dawa, ta dubi bayan gida.

"Malam, iccen ga shina isarmu har kaka," in ji ta.

"Ba a gidana ba," ya ce. "In sunka zo, ina za su sauka?"

Haushi ya kama ni ƙwarai. Na ce a raina, tsoho ya fi tausayin tsuntsu a kan matarsa. Amma na san shi, ba rashin tausayi ba ne. Duk itatuwan da ya sani tun yana yaro sun tafi murhu, wannan kaɗai ta rage masa.

Ana haka aka ɗauke matar maƙwabcinmu da 'yarta a hanyar Tozai, da damin itace a kansu. Wata da ke tare da su ta tsere, ita ta ce Inna na gabansu kaɗan, ƙaya ce ta tsayar da su a baya. Da labarin ya iso, Baba ya miƙe. Ya dogara sandarsa ya zagaya bayan gida, ya daɗe yana leƙen sheƙunan, ya tabbatar babu kowa ciki. Sannan ya aika a kira masu sara.

"Ku yi maza," ya ce musu. "Kada su iske ku kuna yi."

Shamuwa suka zo a kan lokacinsu. Muna tsakar gida muka ga inuwarsu. Suka yi ta kewaya inda tsamiyar take a da, suna saukowa ƙasa-ƙasa suna sake tashi, babu ko kuka. Wasu suka gwada katangarmu, ba ta yi musu ba. Kafin la'asar suka miƙe arewa, wajen Nijar. Baba ya yi shuka a shekarar ne da ganin maƙwabta, yana yi yana duban sama.

Itacen kuwa bai kai kaka ba. Gidajen da suka rasa mai zuwa daji suna aiko yara, kuma ba a hana maƙwabci wuta. Gero na fara fitar da kai muka ƙona guntun ƙarshe.

Da safe na ga Inna tana naɗe igiyarta. Na riƙe mata hannu.

"Sake ni, ɗiyata," ta ce. "Za ni in dawo tun rana ba ta yi ba."

Baba na zaune bakin ƙofa. Ya janye ƙafarsa mai ciwo, ya ba ta hanya.