Likitar da ta ce jikata ta yi karatu a tsaye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Agusta, ina shagona ina goge katako aka kira ni a waya, aka ce Allah ya karɓi ranki, Likita, bayan gajeriyar jinya.

Jikata ce ta haɗa mu, wadda muke kira Guguwa. Tana shekara tara shugabar makarantarsu ta ce in ba a ga canji ba kafin ƙarshen shekara, mu nema mata wani wuri. Ba ta zama a kujera, ba ta ƙarasa aiki, ana koyarwa idonta na kan taga. Ubanta ya ce taurin kai ne kawai. Ni kuwa da sai da furfura ta fito na koyi rubuta sunana a makarantar yamma, na san girman abin da za a raba ta da shi.

Da muka kawo ta wurinki, ba ki yi gaggawa ba. Kin sa an duba idonta da kunnenta, kin tambayi yadda take barci, kin ji ta bakin malamarta. Sannan kika ce matsalar tattara hankali ce, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba. Kina bayani kika hango ƙafata tana rawa a ƙarƙashin tebur, kika yi murmushi.

"Baba, na ga inda aka gado."

Guguwa ta yi caraf ta ce, "Ai Kaka ya fi ni, ko labarai ba ya ji har ƙarshe!"

Ubanta ya ƙi a ba ta magani, yana tsoron kada ya kashe mata kuzari. Ba ki matsa masa ba. Da kika ji ni kafinta ne, kika ce in ƙera mata dogon tebur ta riƙa aikin gida a tsaye, kaɗan-kaɗan, tana hutawa. Kika roƙi malamarta ta dawo da ita gaba, ta ba ta aikin goge allo da raba littattafai. Abin ya taimaka, amma bai isa ba. Da kansa uban ya koma wurinki. Kika fara da ƙwaya ƙarama, da cin abincinta ya ragu kika gyara, kina kira kina tambaya kamar 'yar cikinki.

Makon jiya sakamako ya fito. Ta haye aji na gaba, shugabar kuma da bakinta ta ce ba inda za ta je. Na yi ta dariya a bakin shago har maƙwabta suka leƙo. Muka ji kina kwance, muka ce bari ki ji sauƙi mu kawo miki albishir. Ashe ba za ki ji shi ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ga maigidanki da 'ya'yanki da mahaifiyarki, Allah ya ba ku haƙuri. Ku sani akwai yarinyar da ke cikin aji yau saboda Likita.