Jakar Yaya

Har yau in dusar ƙanƙara ta sauka a unguwarmu ta Parkchester, yara suna ihu suna jifan juna da ita, ni sakin labule nake yi. Haushinta nake ji, wallahi, amma haushin kaina ya fi.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kawo ni New York. A ɗakin hoto na wani asibiti yake aiki, can abokan aikinsa suka koya masa hawan ƙanƙara. Ruwan da ke zubowa daga kan dutse ne yake daskarewa, mutum ya ɗaura igiya ya hau shi da gatari biyu. Mutanenmu masu shaguna a Fordham Road har tsiya suke masa: "Alhaji, duk zafin Kano ne ka zo hucewa?" Sai ya yi dariya. Shi ya ja ni ciki, shi ya tura ni kwas na kwana uku a kan zaftarewar dusa.

Malamar kwas ɗin ta ce mana haɗarin yana farawa tun kafin a taɓa ƙanƙarar, a gangaren da ake bi zuwa gindinta, inda iska ke tara dusa. Akwai wata 'yar na'ura mai aika sigina, in dusa ta binne mutum da ita ake gano inda yake. Kowa da tasa, mai nema sai ya juya tasa ta kamo siginar wanda dusa ta binne. Ta nanata cewa a ƙirji ake rataya ta, ƙarƙashin riga, ba a jaka ba. Na rubuta har da jan layi.

Wata Asabar muka isa duwatsun arewacin jihar, bayan an kwana biyu ana zuba dusa. A wajen ajiye mota Yaya ya ce maɗaurin na'urar yana takura masa, ya cire ta ya cusa a aljihun jakarsa. Na gani da idona. Shekara goma sha biyu ya ba ni, ni wane ne da zan gyara masa?

Muna hawa na ji numfashinsa yana fita da ƙyar. A gidanmu ƙane ba ya tafiya yana kallon yaya da kaya. Ko ledar cefane ce, karɓa ake yi.

"Yaya, kawo jakar," na ce.

"Kai, bar shi mana."

"Haba Yaya, kawo."

Ya miƙo. Na goya tasa a kan tawa, ina jin daɗi ma, shashasha da ni. Ko kaɗan na'urar ba ta faɗo min a rai ba.

Muka zo wani kwari da sai an ƙetare shi kafin a kai gindin ƙanƙarar. Ɗaya bayan ɗaya ake wucewa, don kada dusa ta haɗa da kowa. Shi ne babba, shi ya shiga gaba. Ya kai tsakiya sai na ji dim! Dusar ta tsage sama da shi, gangaren duka ya taho. Na ga jar rigarsa sau ɗaya, shi ke nan.

Na sauka da gudu ina salati, na juya na'urata zuwa nema kamar yadda aka koya min. Nan take ta kama sigina, ta ce mutumin yana dab da ni. Na yi murna! Na haƙa, babu. Na matsa gaba, ta ce yana dab da ni. Na juya, na sake juyawa kamar kare mai bin bindinsa, kafin na gane cewa daga gadon bayana siginar ke fitowa.

Da doguwar sanda muka neme shi, ni da wasu Turawa biyu da suka jiyo ihuna. Muna soka dusa taki bayan taki. Sai da aka fi rabin sa'a sandar ta taɓa shi, wurin da bai fi tsawon tabarma uku daga inda na fara haƙa ba. Rai ya riga ya yi halinsa.

A masallacinmu na unguwar Morrisania aka yi masa sallah. Kowa ya kama hannuna ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, ba yau na musulunta ba. Amma rahoton masu ceto ya faɗi inda na'urar take, da Turanci, kuma ba wanda ya karanta. Abin da dattawanmu suka ji kawai shi ne an same ni da jaka biyu. Shi suka riƙa yaɗawa, wai a ƙasar da yara ke kiran iyayensu gatsal, ga wanda bai bar tarbiyya ba. Raina ya yi ta ɓaci, ban iya ce musu su yi shiru ba.

Labarin ya riga ni isa Kano. Ranar uku Hajiyarmu ta bugo waya, muryarta ta dushe.

"An gaya min komai," in ji ta. "An ce har kayansa kai ka ɗaukar masa. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi masa."

Ta tsaya jiran amsata. Ba a barin addu'ar uwa a rataye. Na ce, "Amin, Hajiya."