Mai Jego a Ɗakin Sama

An ɗauke ni aiki a unguwar Nuzla ta Jidda don in yi wa matar da ba ta haihu ba wankan jego, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ku da nake koya wa sana'ar nan gara ku ji daga bakina, don ranar ta ƙi fita daga kaina.

Ga wanda bai sani ba, aikinmu ke nan: mace ta haihu, a kira mu mu riƙa zuwa safe da yamma har ta yi arba'in. A tafasa ruwa da ganyen darbejiya, a riƙa tsoma ganyen ana fyaɗa mata a jiki, a gasa mata ciki, a dama kunun kanwa, a wanke jariri. A Jidda da gas muke yi a banɗaki, amma aikin ɗaya ne da na gida. Ina yin sa tun zuwana umara, tun ban iya rubuta sunana ba.

Cikin Sha'aban ne. Matar gidan, Ummu Yasir, Bahaushiya ce haifaffiyar nan, ta manyanta. Maƙwabta sun ga ciki a ƙarƙashin abaya, sun zo barka. Da ta tuɓe a gabana na ɗora hannu a mararta, sai na ji jikin wadda ta daɗe da yaye. Nono babu ko ɗigo. Na dube ta, ta dube ni.

"Yalla, yi sauri, Khala Dije, ruwa zai huce," ta ce. "Ki fyaɗa da ƙarfi, a ji a waje."

Khala, wato inna, haka suke kirana. Na ce a raina ko riƙon jaririyar aka ba ta take jin nauyin faɗa. Na yi abin da ya kawo ni.

Jaririyar ba ta son bulumboti, kuka take har muryarta ta dushe. Abin da na lura da shi, duk sanda ta tsala kuka sai in ji takun ƙafa a saman kanmu, daga wannan bango zuwa wancan, a dawo. Jaririyar ta yi shiru, takun ya tsaya cak.

"Wa ke sama?" na tambaya.

"Kyanwa ce."

"Kyanwar Nuzla har da dunduniya?"

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu ta ƙure karatun da ke rediyo. A bakin ƙofa akwai takalman makaranta na budurwa. Na ce na wa? Ta ce na babbar 'yarta ne, Amal, tana Madina wajen gwaggonta.

Kafin suna, wata la'asar na hau saman bene shanya. Akwai ɗan ɗakin ajiye kaya. A ƙofarsa na ga farantin shinkafa, ƙudaje sun rufe shi. Babu kwaɗo a ƙofar, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Na tura.

Yarinya ce kwance a ƙasa, ba za ta wuce shekara sha shida ba, ta manna kunne a daɓe tana sauraron ƙasa. An ɗaure mata ƙirji da zane tamau, zanen ya jiƙe sharkaf, ɗakin yana tsamin nono. Ta ɗago a hankali. Hausarta guntu-guntu ce, irin ta yaran nan.

"Khala, kina ganina?"

"Ina ganinki mana, 'yar nan."

"La, a'a, ni ina Madina. Ummi ta ce ina Madina." Sannan ta ce, "An yi mini salla?"

Tun ranar da ta haihu a ɗakin nan babu wanda ya kira sunanta ko ya kalli idonta. A ajiye abinci, a sauka. Ta yi ta jin mata suna yi wa uwarta barka da 'yar da ita ta sha wahalarta, har ta yarda a ranta cewa wajen haihuwar ta mutu, aka ƙi gaya mata. Na taɓa goshinta, zafi rau.

Na sauko na sami Ummu Yasir a kicin. Ban tausasa ba.

"Hajiya, kyanwarki tana zazzaɓi."

Ta zauna a ƙasa. Ta ce yaron da ya yi abin ya bar ƙasar, babu aure, babu takarda, to da sunan wa za a nema wa jaririya shaidar haihuwa? Ta ce maigidan ya rantse ko a ce ita matarsa ce ta haihu ko Amal ta bar masa gida. "Sitir nake nema mata, rufin asiri, Khala. Halas, magana ta ƙare, ki yi aikinki."

Na ce, "Maganar takarda taku ce, ban sa baki ba. Amma rufin asiri daban, binne mutum da rai daban. Aikina na mai jego ne, kuma na san inda take."

Na koma masaukina a unguwar Bani Malik ina juya abin. Mu a sana'ar nan ba alƙalai ba ne, ba mu tambayar yadda aka samu ciki. Kuma na gane ruwan zafin ba shi ne babban maganin ba. Maganin shi ne wata ta zo kullum ta taɓa jikinki, ta kira sunanki, ta shaida cewa ke kika haihu kuma kina nan da rai. Yarinyar da kunya ta danne ta fi kowa bukatar wannan, ita ce kuma ake fara hanawa. Uwar ba muguwa ba ce. Tsoro ne ya sa ta kwanta a gadon 'yarta.

Washegari na tafasa ruwa, na goya jaririyar, na ɗauki bokiti na nufi matakala. Ummu Yasir ta tare ni.

"Maƙwabta za su ji."

"Su ji. In zazzaɓin bai sauka ba kuma likita zan kai ta. Ɗauko kunun ki biyo ni."

Na hau, na buɗe taga, na kwance zanen ƙirjinta, na sauke goyo na ɗora mata a cinya.

"Amal," na ce, "ba 'yarki nono tukuna, ruwa bai huce ba."