Jan Fentin da Yaya Abdu Ya Shafa wa Katangata

A watan nan ne Yaya Abdu ya cika shekara talatin da rasuwa. Shi ne babban wanmu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tsofaffin da suka rage a Gwandu da Kalgo ba su san shi da wani suna ba sai Abdu Duba-gari. Yaran yanzu ba su san wannan aiki ba. Duba-gari shi ne ma'aikacin da ke zagaya gari yana duba rijiyoyi da mahauta da kwatoci. A zamaninmu, da yake babu ofishin tsara gari kusa da mu, shi ake fara kira ya auna idan mutum zai tayar da sabon gini ko ya ƙara ɗaki. Sai ya rubuta rahoto, kwamiti ya zauna tare da wakilin hakimi, a ce a yi ko kada a yi.

Makon jiya na bi ta Kalgo. Gidajen haya na ɗalibai da ma'aikata sun jeru a bakin hanya, wasu har da bene, katanga na goga katanga. Na tsaya ina neman inda ruwan damina zai bi, ban gani ba. Da Yaya yana raye, na san ba zai yi dogon surutu ba. Zai ciro igiyar awonsa daga aljihu ne kawai, ya ce wani ya riƙe masa bakin.

Ni kaina na taɓa shiga hannunsa, kuma labarin da nake son bayarwa ke nan.

A shekarun saba'in, lokacin da gwamnati ta buɗe makarantun firamare a kowane ƙauye, an turo sababbin malamai da yawa yankinmu, ga shi babu wurin kwana. Ni ma malamin makaranta ne a lokacin, ina da mata da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya cikin gidanmu na gado a Gwandu. Sai na yanke shawarar in fitar da ɗakuna uku ta gefen gabas, ɗaya na iyalina, biyu na haya. Matsalar ita ce gefen gabas lungu ne. Ta nan Malam Jabbi, maƙwabcinmu na baya, ke fitar da shanunsa kiwo kowace safiya, kuma ta nan ruwan gidaje biyar ke gangarawa. Idan ina son ɗakunan su yi faɗi, sai na ci ƙafa huɗu daga cikin lungun.

Ban nemi izini ba. A raina na ce mai awon ai wana ne, tuwo ɗaya muke ci. Na jira ya tafi rangadi Kalgo na mako biyu, na kira magina. Kafin ya dawo katanga ta kai ƙirji.

Ranar da ya dawo da la'asar, bai ko shiga gida ba. Ya jingine kekensa, ya auna lungun sau biyu, ya ɗauko gwangwanin jan fenti ya zana wa katangar alama babba, irin wadda yake zana wa ginin kowa. Mutane na kallo. Na fito na same shi.

Na ce, “Yaya, gidan ubanmu ne fa.”

Ya ce, “Gidan na ubanmu ne, Garba. Lungun ga ba nashi ba ne. Jaki da mangala ba ya wucewa nan. In an yi rasuwa gidan Jabbi, ta ina za a fito da makara?”

Na ce shanun ai suna iya bi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in je in faɗa wa kwamiti haka ranar Laraba.

Na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyarmu. Ita ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne, sai dai ta ce “mai keken nan”. Ta aika aka kira shi, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta ce, “Ƙanenka na, ka tozarta shi gaban jama'a. Mi kaka so mutane su ce?” Ya sunkuyar da kai, ya ce, “Inna, watan jiya na sa wata gwauruwa ta rushe rumfarta a Kambaza saboda ƙafa biyu. In na ƙyale wanga, sai in koma in gina mata.” Sai Inna ta ce mu tashi mu ba ta wuri, mu biyun.

Ranar Laraba ya karanta rahotonsa a gaban kwamiti, sannan ya nemi izinin fita, ya ce bai dace ya zauna ana yanke hukunci kan ɗan'uwansa ba. Malam Jabbi, da aka tambaye shi, cewa ya yi shi ba ya son rigima da maƙwabta, duk abin da aka yi daidai ne. Na ɗauka na ci nasara. Amma wakilin hakimi ya ce kunya ce ta sa Jabbi faɗin haka, kuma awo ba ya jin kunya. Aka ce in ja katanga baya da ƙafa huɗu cikin kwana bakwai.

Da hannuna na rushe ta. Ɗakuna uku suka koma biyu, su ma ƙanana, gado da tabarma sun cika su. Fiye da shekara ban yi wa Yaya magana ba in ban da gaisuwa. Muna sallah sahu ɗaya, matanmu na girki murhu ɗaya, amma idan ya shigo zaure sai in fita.

Zan so in ce ambaliya ta zo ta nuna gaskiyarsa, amma ba a yi wata ambaliya ba. Abin da ya faru daban ne. A Kalgo wani ɗan kasuwa ya fara gina jerin ɗakunan haya a kan burtali, wato hanyar da makiyaya ke bi da dabbobi zuwa mashaya. Yaya ya shafa masa jan fenti kamar yadda ya shafa mini. Shi kuwa mutumin yana da masu tsaya masa a sama. Ginin ya tashi har ya kai rufi, Yaya ne aka ɗauke daga aikin awo aka mayar da shi duba kasuwannin ƙauye wajen Dalijan.

Na ji labarin a makaranta. Abin mamaki, ban ji daɗi ba, ni da na yi shekara ina fatan wani ya karya masa wannan taurin kai. Da yamma na same shi a zaure yana ɗaure tabarma da buta a bayan keke. Na tsuguna na riƙe masa keken. Na ce, “Yaya, ashe mu marasa gata kawai doka ke ci.” Ya ce, “Haka ta kasance wannan karon.” Ya ja igiya ya ƙulle, sannan ya ce, “Ɗakin naku ya yi ƙanƙanta, na gani. Garkata ta bayan gida ba ni da lokacinta yanzu. Ka gina wa yara ɗaki a can.” A wannan garka yake shuka barkono da yakuwa tun yana saurayi. Na gina ɗakin a ranin da ya biyo baya, kuma shi ya auna mini.

Ban taɓa ba shi haƙuri da baki ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya. Wannan yana damuna fiye da yadda nake nunawa.

Ba zan ce komai nasa daidai ne ba. Yana da kaifin hali, kuma da ya kira ni gefe kafin ya ɗauko fenti, da abin bai kai inda ya kai ba. Haka kuma ba na cikin masu cewa a daina gina gidajen haya. Mutane sun ƙaru, dole su sami wurin kwana, kuma na san zafin cunkoso da kaina. Abin da na ga ya ɓace shi ne mutumin da zai tsaya a madadin wanda kunya ko rashin ƙarfi ya hana shi magana. Yau takardun izini sun fi na da yawa, hatimi a kan hatimi, amma sau nawa mai sa hannu ke zuwa ya ga wurin da idonsa?

Yaya bai taɓa gina gidan kansa ba. A ɗakin da aka yi masa aure ya rasu. Burtalin Kalgo ya tafi tun tuni, kuma babu wanda zai iya nuna maka inda yake. Lungunmu dai yana nan. Jikokin Malam Jabbi sun sayar da shanu, keke mai ƙafa uku suke shiga da shi yanzu, kuma ba su san an taɓa yin wata rigima a kansa ba. Bara da matar ɗayansu ta fara naƙuda da rana tsaka, har ƙofar ɗakinta keken ya shiga ya ɗauke ta zuwa asibiti. Ina zaune a zaure suka wuce da gudu. Na yi musu addu'a, sannan na yi wa Yaya.

Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci.