Abin da Inna Take Nema a Kufan Ƙal'ar Usfan

Duk shekara, da zarar an yi ruwa a bayan gari, Inna takan hana kowa sakat a gidanmu na unguwar Karantina. Ruwan Jidda bai taka kara ya karya ba, amma yakan isa ciyawa ta tsiro a kwaruruka, kuma in ta tsiro Larabawan daji sukan dawo da tantunansu da awakinsu. Su take jira. Sai ta tasa Baffa gaba, ƙanen babana mai tuƙa motar kaya a tashar jiragen ruwa, kan ya kai ta Usfan, har sai ya gaji ya ce, "Halas, shi ke nan, Hajiya, ranar Juma'a."

Ni ce 'yar rakiya, kuma ba da son raina ba.

Kafin ta auri babana, Inna ta zo ƙasar nan a ƙafa tare da mijinta na fari da 'yarsu mai shekara uku. A hanyarsu daga Makka zuwa Madina ƙyanda ta kama yarinyar, ayari kuwa ba ya jiran kowa. Wata Balarabiya mai tanti a gindin tsaunin Usfan ta ce a bar mata ita, in sun dawo su ɗauka. Inna ta ɗaga kai ta ga tsohuwar ƙal'a, wato ginin tsaro na mayaƙa, bisa tsaunin, ta ga rijiya da dabino, ta ce a ranta ai wannan wuri ba ya ɓata. Ba ta tambayi sunan dangin matar ba. A garinsu, in aka ce gidan wane yana gindin tsamiya, bayan shekara ashirin ma nan za ka same shi. Mijin ya rasu a Madina, ta yi takaba, da ta dawo sai ta tarar da ƙal'ar tana nan, tanti kuwa ko turke babu. Shaida ɗaya ta rage mata: bille a kumatun yarinyar na hagu.

Shekarar da nake ba da labari ina da goma sha bakwai. Baffa ya ajiye mu a gindin tsaunin, ya kwanta a inuwar mota. Hawan ba shi da tsawo, amma duwatsun baƙaƙe ne masu zamewa, gwiwoyin Inna kuma sun fara ba ta wuya. Sau huɗu muna tsayawa. A sama babu abin da ya rage sai ganuwa mai giɓi-giɓi, da kusurwoyin da suka rufta, da 'yan kafofin da masu gadi ke leƙen hanya a zamanin da. Wasu su ce Turkawa suka gina, wasu su ce ta girme su. Ciki duk kashin awaki ne da ƙadangaru. Amma daga kan ganuwar ana ganin ƙasar gaba ɗaya: kwari ya yi kore shar, itatuwan ƙaya jefi-jefi, gonakin kankana, da hanyar da motocin alhazai ke bi. Wurin yana da kyau, ni kuwa na tsane shi.

Inna ba ta taɓa kallon ginin ba. Takan kare ido da hannu tana neman baƙaƙen tantuna, ta zaɓi waɗanda za mu bi. Ran nan haƙurina ya ƙare.

"Inna, shekara nawa ke nan? Wadda take gabanki fa, ba 'ya ba ce?"

Ba ta ko juyo ba. "Ke ai ina ganinki," ta ce.

Maganar ta yi mini zafi, har yau ma tana yi.

A tanti na uku muka sami wata mata ita kaɗai da 'ya'yanta, tana kaɗa nono a salka. Fuskarta a rufe take da burƙa irin tasu, idanu kawai ake gani. Hannuwanta baƙaƙe ne kamar namu, shekarunta kuma za su yi daidai. Na ji numfashin Inna ya sauya. Matar ta yi mana maraba, ta kawo gahawa da dabino. Inna ta yi mata Hausa, ba ta gane ba. Sai ta koma ga guntun Larabcinta.

"'Yata, don Allah ki ɗaga mayafin nan in ga fuskarki. Duk mata ne a nan."

Matar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "Ki yi haƙuri, gwaggo. Ba zan ɗaga ba."

Inna ta roƙa har sau uku, har da kama mata hannu. Ni kam raina ya ɓaci, na buɗe baki zan faɗi wadda ba ta da daɗi, Inna ta danne mini gwiwa. Ta tashi ta ɗauki buta ta zaga bayan tanti don yin alwala.

Tana fita matar ta jawo ni kusa, ta ɗage burƙar. Kumatunta sumul, ko ƙwarzane babu.

"Duk matan rijiya sun san labarin tsohuwar nan," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Shekara uku ina hangenta tana hawan dutsen can. Ƙafafunta ba za su ƙara ɗaukarta ba. In ta ga babu billen, baɗi ma za ta hau. Ki bar ta da ni, ta ɗauka ni ce."

Ta saki mayafin kafin in ce uffan.

A mota Inna ba ta yi kuka ba. Sai da muka hango fitilar bakin teku ta ce, "Ita ce. Tana da rai, ga 'ya'ya har uku. Fushi take yi da ni, kuma ta fi ni gaskiya." Baffa ya dube ni, na kau da kai.

Daga wannan shekarar ba ta sake maganar Usfan ba. In an yi ruwa takan zauna a ƙofar ɗaki ta yi shiru. Ta sami barci, har ta ɗan yi ƙiba. Amma ta ɗauki wani kayan da ni da matar ba mu hango ba, domin ta yarda cewa 'yarta ta gane ta kuma ta ƙi ta. Sau da dama na shirya in faɗa mata gaskiya, sai in rasa wanne ya fi sauƙi: 'yar da ke fushi, ko 'yar da babu.

Shekara shida bayan haka ta kwanta ciwon ajali. Wata safiya ina ba ta kunu, ta riƙe mini hannu.

"In kin sake ganin yayarki, ki roƙa mini gafara."

Na ce, "Inna, ai ta yafe. Ran nan da kika fita alwala ta gaya mini."

Ta zuba mini ido, hawaye na bin gefen fuskarta.

"Shekara shida," ta ce, "kika bar ni ban sani ba?"