Dutsen Taimamar Baba

Aikina neman ma'adinai ne. Ofishinmu yana Landan, amma ainihin aikin yana can wani lardi na bakin teku a yammacin Kanada, inda muke huda duwatsu da inji, mu zaro cikinsu dogaye kamar rake, mu duba ko akwai zinariya. Wata huɗu kacal ƙanƙara ke barinmu mu yi aiki a shekara. Ana tsakiyar watannin nan yayana ya bugo mini waya, ya ce an kwantar da Baba a asibiti a unguwar Whitechapel, a Landan.

Na zo, amma ban zauna ba. Na san kowace kujera ta barandar asibitin, don babu wadda na yi minti goma a kanta. In leƙa Baba, in sauka in zaga kasuwa ban sayi komai ba, in dawo in duba waya. Shugaban aikinmu ya ba ni mako biyu, in ban koma ba zai kawo wani a wurina. Haushin kaina nake ji, mahaifina na kwance ni kuwa hankalina na kan dutse.

Baba bai taɓa ɗaukar aikina da muhimmanci ba. In baƙi suka tambaya, sai ya ce, “Yayanta likita ne, ita kuma tsintar duwatsu take yi.” Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci, amma hakan bai hana shi tsokanata ba.

A kwana na biyar aka ɗaure masa hannu da robobin ƙarin ruwa, alwala ta gagara. Ya ce a samo masa dutsen taimama. Yayana ya fita, ya dawo hannu biyu.

“Baba, na yi checking ko'ina, duk concrete ne.”

Sai na tuna da guntun dutsen wurin aikinmu da ke cikin jakata, wanda nake danne takardu da shi. Na miƙa masa. Ya juya shi, ya ɗago ya dube ni.

“Uwata, wannan daga ramin zinariyarku ne? Kin san ba a taimama a kan zinariya.”

“Baba, shekara uku muna huda wurin nan. An yi test, ko ƙwaya babu.”

“Alhamdu lillahi,” in ji shi, ya ɗora tafukansa.

Dariya ta ƙwace mini, ta farko tun saukata. Sakamakon da ya sa na yi kuka a cikin tanti, shi ne yau ake yi wa hamdala.

Daga nan dutsen ya koma ƙarƙashin matashinsa. Wata nas ta so ta jefar da shi, Baba ya yi mata Turancin da ban san yana da shi ba.

Ana saura kwana biyu wa'adina ya cika, ya idar da la'asar ya ce, “Ƙafarki ta ishe ni. Tun da kika zo kike auna mini ɗaki. Tafi ki yi aikinki, dutsen dai ki bar mini.”

Na ce ba zan tafi ba, alhali tun da safe na sayi tikiti. Ya sani, ni ma na san ya sani.

Kwanana tara da komawa ya rasu. Kafin jirgi mai saukar ungulu ya samu sararin ɗauko ni daga sansani, har an binne shi. Har yau ban gama yafe wa kaina ba.

Da na iso gida, a unguwar Edmonton ta Landan, yayana ya miƙo mini hular Baba a naɗe, dutsen na ciki. Ya ce ranar ƙarshe wani likita ya tambayi Baba ko menene wannan, ya amsa masa da cewa, “'Yata ce ta haƙo shi. Aikinta ke nan.”