Hoton da Goggo Luom Ta Zaɓar wa Kanta

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin Goggo Luom, mai sayar da miyar taliya a bakin kogi, can tsakiyar ƙasar Vietnam.

Mijinta masunci ne, ruwa ya ci shi tun 'yarsu Diep tana goye. Da tukunyar miyar nan ta raine ta har ta aurar. Hotonsa na baƙi da fari yana kan teburin magabata, inda ake kunna wa mamata turare, garau kamar jiya aka wanke shi. Na kusa da shi na mahaifiyar Goggo ne, mai kala. Danshi da hayaƙi sun cinye shi, fuskar ta koma ruwan ɗorawa, jikoki sai an ce musu mutum ne.

Shi ya sa da tsufa ya zo, lokacin tanadar nata hoton ya yi, ta ce ita sai shagon tsoho Khiem, mai ɗaukar hoto, wanda har yau da fim na baƙi da fari yake aiki.

"Inna, don hoton nan fa na ɗinka miki jar riga," in ji Diep. "A baƙi da fari wa zai san ja ce?"

"Ni na sani. So nake 'ya'yanki su gane wadda suke kunna wa turare."

Khiem ya zaunar da ita jikin taga, ya ɗan juya mata haɓa. "Yaya, in rage miki tamoji? Kar mijinki ya ɗauka kakarsa aka ajiye masa."

"Bar min kayana, ɗan nema. Shi ya gudu da ƙuruciyarsa, ni ya bar wa aikin."

Da hoto ya fito, Diep ta daɗe tana kallonsa. Ga tamoji layi-layi, ga ɗan karkata bakin da uwar ke yi in za ta tsokani mai ciniki.

"Ke ce sak, Inna," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Goggo ta naɗe hoton a ƙyalle ta adana, don hoton mai rai ba ya hawa teburin magabata. Sannan ta cika kwano da miya, ta zaɓi ƙashi mai tsoka, ta kai wa Khiem da kanta, tana ta sa masa albarka har kunya ta kama shi.

To kai, in hoto ɗaya tak za ka bari a duniya, me kake so a gani a ciki?